Kafin tallafin ya iso

Sikwash na buga tun ina yaro har jikina ya ce ya isa, yanzu kuma koyar da shi nake yi. Ga wanda bai san wasan ba, mutum biyu ne ake rufewa a ɗaki mai bango huɗu, tsawonsa mita 9.75, faɗinsa mita 6.4, kowa da raket a hannu, suna karɓa-karɓa wajen dukan wata 'yar ƙwallon roba a jikin bangon gaba. Wanda ya riga kai maki 11 ya ci zagaye, wanda ya ci zagaye uku ya ci wasa. Cikin shekarun da na yi a wannan ɗaki, akwai waɗanda hukumar sikwash ta ƙasata ta ɗauki nauyina, akwai kuma waɗanda mahaifina ya ɗauka da albashinsa da bashi. Ina yi wa hukumar godiya har zuciyata. Amma duk sanda aka ce in faɗi yadda tallafinta ya taimake ni, sai in ga labarin ba zai cika ba sai na haɗa da shekarun da suka riga tallafin zuwa, domin a cikinsu ne na rasa abokin da ya fi ni iya wasa.

Mahaifina ma'aikacin lissafi ne a wani kulob na wasanni, shi ya sa na sami shiga wurin da yaro irina ba ya shiga. Da tsakar rana, lokacin da mambobi suke wurin aikinsu, ɗakunan wasan babu kowa, kocin kulob ɗin yakan bar 'ya'yan ma'aikata su shiga. Watannin farko bai yarda na kara da kowa ba. Ni kaɗai nake tsayawa ina buga ƙwallo ta bi jikin bangon gefe ta dawo mini, in sake, in sake, har ta riƙa mannewa da bangon. Bayan haka sai gudun fatalwa: ka tsaya a tsakiyar ɗaki, ka ruga kusurwa ba tare da ƙwallo ba, ka kai duka a iska, ka dawo tsakiya, ka nufi wata kusurwar, har sai numfashinka ya ƙare. A nan na haɗu da abokina, ɗan mai kula da fitilun kulob ɗin. Bahago ne, kuma yana da wani abu a wuyan hannunsa da ba a koyarwa. Yakan riƙe dukan har sai ka motsa, sannan ya aika ƙwallon inda ka baro. Tun muna yara har muka rabu, in muka kara shi ke yawan cin wasa.

A matakin yara, hukumar tana yi mana abin da za ta iya. Ita ke biyan tafiyar tawagar ƙasa zuwa gasar matasa, ita ke ba da riguna, wani lokaci har da raket. Sauran na iyaye ne: zaren raket da ke tsinkewa a kai a kai, takalmi mai tafin da ba ya ɓata katakon ɗaki, tabarau na kare ido wanda dole ne ga duk wanda bai kai shekara 19 ba, da ƙwallo mai ɗigon rawaya biyu wadda in ta yi sulɓi sai dai a sake wata. Nauyi ne, amma mai ɗaukuwa. Ni da abokina mun shiga tawagar matasa tare, mun je gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19 tare, kuma a can ne muka fara ganin yaran Masar da idonmu. Ƙasar da Amr Shabana ya kawo mata kofin duniya na ɗaiɗaikun manyan maza karo na farko a 2003 ta cika wurin da yaran da ke buga wasan tamkar da shi aka haife su. Ba mu kai ko'ina ba a gasar, amma abokina ya ci ɗaya daga cikinsu zagaye biyu kafin ya faɗi, kuma kocinsu ya bi shi har waje yana tambayar inda ya koyi wasa.

Sai muka cika shekara 19, sunanmu ya fita daga jerin matasa, bai kuma shiga kowane jeri ba.

Wannan wuri nake son mai karatu ya fahimta da kyau, domin nan ne ramin yake. Wanda zai zama ɗan wasa na sana'a sai ya yi rajista da PSA, ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan sikwash, ya fara tara maki a gasanninta. Matsayinka a jadawalin duniya ba jimillar makinka ba ce. Ana ɗaukar sakamakonka na shekara guda a raba, kuma akwai ƙaramin adadin da dole a raba da shi ko da ba ka buga gasa masu yawan haka ba. Saboda haka wanda ya buga gasa uku ya yi ƙoƙari a cikinsu, zai iya zama a ƙasan wanda bai kai shi iyawa ba amma ya sami kuɗin zuwa goma. Maki kuma ba ya dawwama, shekara na zagayowa yake faɗuwa. A lokacinmu ƙananan gasanni kyautarsu gaba ɗaya dala 5,000 ce ko 10,000, a raba wa duk waɗanda suka shiga babban jadawali na mutum 16. Kafin ka shiga cikin 16 ɗin nan ma sai ka bi ta zagayen share fage, in ka faɗi a can kuwa hannu rabbana za ka koma. Wanda ya ɗauki kofin kansa, in daga nesa ya zo, da ƙyar rabonsa ke biyan tikitin jirgi.

Muka nemi tallafin manya a hukuma, ni da shi, rana ɗaya. Amsar da muka samu iri ɗaya ce, cikin ladabi: tallafi na waɗanda suka kai wani matsayi ne a jadawalin duniya, in mun kai mu dawo. Ba ka samun matsayi sai ka yi yawon gasa, ba ka yawon gasa sai da kuɗi, kuɗin kuma an ajiye su sai ka kawo matsayi. Na karanta wasiƙar na kai wa koci. Ya dube ta ya ce, "Ɗana, ba ku aka fara yi wa ba. Ku je ku yi magana da iyayenku."

A wannan shekarar, cikin watan Satumbar 2013, kwamitin Olamfik na duniya ya zauna a Buenos Aires don zaɓen wasa ɗaya da za a saka a gasar 2020. Sikwash na cikin ukun ƙarshe, tare da kokawa da kuma besbol da sofbol. Kokawa aka zaɓa. Kafin nan, a 2009, golf da rugbi aka ɗauka don gasar 2016 aka bar mu. A lokacin ban haɗa wannan labari da wasiƙar da ke aljihuna ba, sai daga baya na gane tushensu ɗaya ne. A ƙasashe da yawa kuɗin gwamnati na wasanni lambar Olamfik suke bi, kamfanoni masu ɗaukar nauyi kuma talabijin suke bi. Wasan da ba ya Olamfik saura yake samu. Nicol David ta Malesiya, wadda ta ci kofin duniya sau takwas kuma ta yi wata 108 a jere tana ta ɗaya a duniya, ta taɓa cewa za ta ba da kofunanta don ta sami zinaren Olamfik guda. In mace irinta na faɗin haka, to ka auna halin hukumar da ke da 'yan wasa a can ƙasan jadawali. Abin da ke asusunta kaɗan ne, sai ta zaɓi ta zuba shi inda ta riga ta ga sakamako.

Na sami mahaifina da dare bayan ƙannena sun kwanta. Na ce, "Baba, ku ba ni shekara biyu. In ban kai matsayin da hukuma ke nema ba, zan ajiye raket in nemi aiki." Ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya ɗauko takarda, da yake aikinsa ke nan, ya ce in lissafo masa komai: rajista, biza, jirgi, masauki, zare, takalmi. Da muka gama ya ja layi a ƙasa ya ce, "Na ji, kuma na yarda. Amma ka sani wannan ba rara ba ce. Haƙƙin ƙannenka nake ranta maka." Ban taɓa shiga ɗakin wasa ba bayan wannan dare ba tare da maganar nan tana kaina ba.

Abokina ba shi da wanda zai je wa da irin wannan magana. Mahaifinsa ya rasu muna shekarar ƙarshe ta matasa, shi ne babba, mahaifiyarsa na da ƙanana a gabanta. Koci ya yi ta yawo da sunansa wurin mambobin kulob, wasu suka haɗa masa kuɗin tafiya ɗaya. Ya je, ya tsallake share fage, ya ci wasan farko a babban jadawali, ya doke mutumin da ya fi shi matsayi nesa ba kusa ba. Ya dawo da maki masu kyau, amma da aka raba su da adadin nan na dole sai suka zama ba komai. An yi maganar jami'o'in Amurka, inda ake buga sikwash tsakanin makarantu kuma 'yan ƙasashen waje ke samun gurbi. Ta wannan hanya Ali Farag na Masar ya bi, ya yi karatun injiniya a Harvard kafin ya zama na ɗaya a duniya. Sai dai hanyar na buƙatar sakamakon makaranta mai ƙarfi, da wanda zai riƙe gida shekara huɗu. Abokina ya karɓi aikin da aka yi masa tayi a wani kamfani. Da farko yana zuwa atisaye da yamma, daga baya sai ƙarshen mako, daga baya sai ya daina. Ranar da ya kawo mini raket ɗinsa biyu ya ce in yi amfani da su kada su lalace a ajiye, na ƙi karɓa, ya ajiye su a kan jakata ya tafi. Yau yana da iyali, yana cikin rufin asiri, ba ya kuka da kowa. Ni ne abin ke ci wa rai, domin na san abin da ƙasarmu ta rasa, kuma na san kuɗin da za su riƙe shi a waɗannan shekaru ba su taka kara sun karya ba.

Shekaruna biyu na rance ba sai na tsawaita ba. Jirgi mafi araha, komai daɗewar jira a hanya. In masu shirya gasa suna sauke 'yan wasa a gidajen mambobin kulob, can nake nema, kuma na haɗu da mutanen kirki ƙwarai ta wannan hanya. Sau da yawa nakan isa ranar wasa ko daren jajibirinsa, ƙafafuna a kumbure, don kada in biya ƙarin kwana. Ba koci a bayana. Tsakanin zagaye da zagaye, lokacin da abokin karawata ke sauraron mai horar da shi, ni ruwa kawai nake sha ina tunanin abin da zan sauya. Abu mafi muni shi ne yadda lissafi ke shigo maka cikin wasa. Kana 9 da 9 a zagaye na biyar, maimakon ka ga ƙwallo sai ka ga takardar Baba da layin da ya ja. Hannu yakan ƙage a irin wannan lokaci.

Da ikon Allah, gab da cikar wa'adin na kai wasan kusa da na ƙarshe a gasa biyu a jere, matsayina ya haura layin da hukuma ta gindaya. Aka kira ni ofis, aka ba ni yarjejeniya ta shekara guda a mataki mafi ƙasa. Na karanta ta tsaf. Hukuma za ta biya wani kaso na tafiye-tafiyena har zuwa wani iyaka, za ta ba ni damar atisaye a cibiyarta da kocin ƙasa, da likitan gashin ƙashi, da inshorar lafiya. Ni kuma zan amsa kiran tawagar ƙasa duk sanda aka kira, zan halarci sansanin horo, zan sa rigar hukuma, zan bi dokokin hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari, zan ba da wasu kwanaki ina koyar da yara, kuma a ƙarshen shekara za a duba ko na kai matsayin da muka amince a kai. Na sa hannu. Na kai wa mahaifina kwafi, ya karanta har ƙarshe, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka riƙe amana."

Mutane kan ɗauka abin da tallafi ke ba ɗan wasa kuɗi ne. Ni babban abin da ya ba ni shi ne sanin gobe. Karon farko na zauna da koci a farkon kaka muka tsara shekara gaba ɗaya: waɗanne gasanni za mu nema, a ina makin ya fi samuwa, yaushe za a huta, yaushe za a gina ƙarfi. Na fara isa gari kwana biyu kafin wasa, in shiga ɗakin in ji yadda ƙwallo ke tashi a cikinsa, domin ɗaki mai sanyi da mai zafi wasa biyu ne daban, haka ɗakin gilashi da na siminti. Na fara iya ƙin zuwa gasa in jikina bai yi daidai ba, abin da a da ba zan iya ba tunda na riga na sayi tikiti da kuɗin rance. Likita ya gano ƙuguna ɗaya ya fi ɗaya rauni, ya ba ni atisayen gyara shi. Wasana ya sauya cikin 'yan watanni, ba don na koyi sabon duka ba, don dai kaina ya sami sarari.

Amma akwai inda tsarin ke yoyo, kuma mai ɗaki shi ya san wurin. Kuɗin tafiya ba a ba ka su kafin ka tashi. Kai za ka biya, ka tara rasit, ka cike fom, ka jira a mayar maka. Wani lokaci makonni, wani lokaci watanni. Akwai wata ma'aikaciya a ofishin, babbar mace, da nake yawan zuwa wurinta. Nakan ce, "Ranki ya daɗe, ko akwai labari?" Takan ce, "Ɗan nan, wallahi takardarka tana nan an sa mata hannu, kuɗin ne ba su sauko daga sama ba." Gaskiya take faɗa. Hukumar ita ma jira take yi a sakar mata kasonta, kuma shekarar kasafin gwamnati ba ta san da kakar sikwash ba. Na taɓa ganin baiwar Allah nan ta ciro kuɗi daga jakarta ta ba wata yarinya don kada ta rasa jirgi. Sai dai duk kyawun halin ma'aikata, tsarin biya-a-mayar-maka ya ɗauka cewa kana da abin biyan tun farko. Ɗan mai hali ba ya jin jinkirin. Ni kuwa kowane jinkiri komawa ne wurin Baba da sunkuyayyen kai.

A 2018 agarata ta tsinke. Na tura ƙafa zan ɗauko gajeriyar ƙwallo a kusurwar gaba, na ji kamar an buge ni ta baya, na waiwaya babu kowa kusa da ni. Aka yi mini aiki, inshorar hukuma ta biya, wanda da a shekarun rance ne abin ya faru da ƙarshen wasana ke nan, wataƙila har da gidanmu. Likita ya ce kusan shekara kafin in koma gasa. Na san ma'anar wannan a jadawali: kowane wata makin bara zai faɗi, babu sabo da zai maye gurbinsa, kuma ranar duba yarjejeniya za ta same ni can ƙasa da layi.

Na je zaman da sanduna biyu. Daraktan horarwa ne da mutum biyu daga kwamiti. Ɗaya daga cikinsu ya faɗi abin da ke ransa ba ɓoye-ɓoye: kuɗi kaɗan ne, akwai yara masu lafiya da ke jiran gurbi, yaya za a riƙe wanda ba a san ko zai dawo ba? Ban ji haushinsa ba, domin cikin yaran da yake nufi ina ganin fuskar abokina. Darakta ya buɗe yarjejeniyar ya nuna wani sashe da ke cewa in rauni ya sami ɗan wasa yana cikin gasa ko horo, ana iya riƙe matsayinsa na tallafi na wani lokaci bisa rahoton likita. Ya ce, "Mun sa shi ya ba mu jikinsa. Ba za mu karɓi jikin yana da lafiya mu mayar wa iyayensa shi a karye ba." Na ce, "Yallaɓai, in kun riƙe ni zan dawo." Aka cire mini kason tafiya tunda ba tafiyar zan yi ba, aka bar mini likita da cibiya da ɗan abin hawa mota. A ganina hukuncin adalci ne, kuma cikin duk abin da hukumar ta yi mini babu wanda ya kai wannan. Layi biyu ne a takarda, wani ya yi tunanin rubuta su tun kafin a san da ni.

Ina wannan jinya aka yi gasar duniya a Chicago a farkon 2019, karo na farko da kyautar gasar sikwash ta kai dala miliyan 1, aka raba daidai tsakanin maza da mata. Ali Farag da Nour El Sherbini suka ɗauka. Na kalla a waya ina ɗaga dunduniya a bakin matakala, atisayen da likita ya ba ni. Na yi murna da wasanmu ya kai nan, na kuma san cewa wannan kuɗi na 'yan tsirarun da ke can sama ne. Bayan 'yan makonni Ramy Ashour, wanda a idona ba a taɓa yin mai hannunsa ba, ya sanar da ajiye raket bayan shekaru yana fama da rauni. Labarin ya tsorata ni, ya kuma sa na daina gaggawar komawa.

Na dawo. Ban daɗe da fara tara maki ba annobar korona ta tsayar da gasanni a watan Maris na 2020. Gidauniyar PSA ta buɗe asusun taimakon 'yan wasan da suka shiga matsi, hukumarmu kuma ta dakatar da duba matsayin kowa har aka koma wasa. Na san 'yan wasa daga wasu ƙasashe da ba su da wannan gata, da yawansu ba su dawo ba. Bayan nan na sake sa rigar ƙasa, na buga wasanni mafi kyau a rayuwata, sannan ƙafar ta fara gaya mini gaskiya. Rabin taku nake makara, kuma a sikwash rabin taku ya isa. Da lokacin duba yarjejeniya ya zo, darakta ya kira ni tun da sauran watanni ya ce ba za a sabunta ba. Bai bari na ji a bakin wani ba. Hukumar ta biya mini kuɗin kwas na koyarwa, shi ne abincina yau. Na gama biyan Baba rancensa a shekarar farko ta wannan aiki, ya karɓa ya zuba a karatun autarmu.

A watan Oktoban 2023, a zaman kwamitin Olamfik a Mumbai, aka amince sikwash zai shiga gasar Los Angeles ta 2028. Ina tsakiyar koyar da yara saƙonni suka fara shigowa. Na kira tsohon kocina, muryarsa na rawa, ya ce, "Ɗana, mun ga ranar." Tun daga lokacin ofisoshin da a da ba sa amsa wasiƙar hukumarmu suka fara kiranta taro. Amma ina da fargaba, kuma na faɗe ta a gaban kwamitin hukumarmu, inda yanzu nake wakiltar 'yan wasa. Gurbin Olamfik 16 ne na maza, 16 na mata, a duniya gaba ɗaya. In aka tattara sabon kuɗin aka ɗora kan mutum ɗaya ko biyu da ake ganin za su iya samun gurbi, ramin nan na shekara 19 zai zauna yadda yake, ko ma ya ƙara zurfi. Ga kuma darasi a gabanmu: gasar Commonwealth, wadda sikwash ke cikinta tun 1998, ta cire shi daga wasannin Glasgow na 2026. Hukumomin da suka jingina kasafinsu da wannan gasa sun ji a jikinsu. Wanda ya buɗe ƙofa yana iya rufe ta.

Abin da na nema a kwamitin bai fi ƙarfin asusun ba. Na ce a ware wani kaso, ko yaya ƙanƙantarsa, don waɗanda suka fito daga matasa, a riƙe su shekara biyu ko uku ba tare da sharaɗin matsayi ba, a auna su da idon koci da yawan gasar da suka buga da yadda suke ci gaba. Tallafin da ke zuwa bayan yaro ya riga ya karɓi aiki ya ajiye raket ihu ne bayan hari. Na ce hukuma ta riƙa sayen tikiti da kanta ga wanda ba shi da halin fara biya. Na ce sashen nan na rauni ya daina zama abin da ake iya yi in an ga dama, ya zama haƙƙi a rubuce. An yi gardama sosai. Mai kula da kuɗi ya ce masu ba da kuɗin lamba suke tambaya, ba alƙawari ba, kuma in aka ce idon koci ne ma'auni za a buɗe ƙofar son kai. Maganarsa tana da nauyi, shi ya sa na yarda a rubuta ƙa'idojin a fili kowa ya gani, kuma mutum uku su yanke hukunci ba mutum ɗaya ba. An amince da batun tikiti da na rauni. Batun riƙe matasa an ɗage shi zuwa zaman kasafi na gaba.

Akwai yarinya a hannuna yanzu da za ta cika shekara 19 kafin wannan zama. Tana da ƙafa, tana da haƙurin dogon wasa, kuma ba ta tsoron maki na ƙarshe. Mahaifinta ya zo ya same ni bayan atisaye, ya ce, "Malam, ku gaya mini gaskiya, in bar ta ta ci gaba ko ta nemi wata hanya?" Na zaunar da shi na yi masa lissafin da Baba ya yi mini, ban rage komai ba, na gaya masa abin da hukuma ta amince da shi da abin da ba ta amince ba tukuna. Ya ce zai iya ɗaukar gasa biyu, ba zai iya fin haka ba. Na yi mata rajistar biyun, na zaɓi waɗanda ke kusa da juna don tikiti ɗaya ya ishe su, na rubuta wa masu shiryawa su nema mata masauki a gidan mutanen kirki. Gasa ta uku da ta huɗu kuwa na kai wa abokina maganarsu, ya ce in turo masa bidiyon wasanta ya gani.